Diyyar Ƙasar Gado: Tambayoyi da Amsoshi kan Shari'ar Ogiek da Makamantanta

A ranar 23 ga Yunin 2022, Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi da ke Arusha ta umarci gwamnatin Kenya ta biya ƙabilar Ogiek diyya, ta shata musu ƙasarsu a dajin Mau, ta kuma ba su takardar mallaka. Amsoshin da ke ƙasa sun ginu ne a kan wannan shari'a, tare da leƙa wasu ƙasashe a inda darasinsu ya fi fitowa fili.

Su wane ne ake nufi da al'ummomin asali a irin wannan shari'a?

Ba kowane mai takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ba ne. Kotun ta auna Ogiek da abubuwa huɗu: sun riga wasu zama da amfani da wani yanki takamaimai, sun riƙe harshensu da al'adarsu da hanyar neman abincinsu da son ransu, suna ɗaukar kansu al'umma ta daban, maƙwabta ma haka suka san su, sannan an daɗe ana danne su ko ƙwace musu ƙasa. A Afirka waɗanda suka fi shiga wannan ma'auni mafarauta ne da makiyaya: San na Botswana, Batwa na yankin manyan tafkuna, Masai, da Mbororo na Kamaru da Chadi. Dalilin a fili yake. Manomi yana barin kunya da rumbu da katanga, abin da safiyo zai gani ya rubuta. Mai farauta da mai kiwo ba sa barin wannan alama, sai a rubuta cewa ƙasar ba mai ita.

Me ya faru da Ogiek?

Ogiek mutanen daji ne, abincinsu da cinikinsu da bikinsu duk a kan zuma da farauta suka tsaya. Suna rataye amya a kan manyan itatuwa, kowane dangi ya san tudunsa da kwarinsa. Kotu ta ƙiyasta yawansu da kusan 20,000, kimanin 15,000 daga ciki a dajin Mau mai faɗin hekta kusan 400,000. A 1933 hukumar filaye ta Turawan mulkin mallaka ta ƙi amincewa da su a matsayin ƙabila, saboda haka lokacin da aka ware wa sauran ƙabilu yankunansu, su ba su samu komai ba. Bayan samun 'yancin kai a 1963 ma ba ta canja zani ba.

A Oktoban 2009 hukumar gandun daji ta Kenya ta ba su kwana 30 su tashi. Wata guda bayan haka ƙungiyoyin da ke tsaya musu suka kai kuka Hukumar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Banjul. Hukumar ta miƙa ƙarar ga Kotun Arusha a 2012. A ranar 26 ga Mayun 2017 kotun ta ce Kenya ta keta haƙƙinsu na mallakar ƙasa, da na addini, da na al'ada, da na cin moriyar albarkatun ƙasarsu, da na ci gaba, ta kuma nuna musu wariya. Zargin keta haƙƙin rayuwa ne kawai bai tsaya ba, don ba a kawo hujjar da ta gamsar da alƙalai ba. Batun diyya aka ɗage, sai bayan shekara biyar aka yanke shi.

Gwamnati ta ce dajin take karewa. Wannan ba hujja ba ce?

Hujja ce da ake saurara, domin dajin Mau ne mafarin koguna da dama, har da kogin Mara. Amma kotu ta nemi a nuna mata cewa Ogiek ne ke cinye dajin, aka kasa. Rahotannin gwamnatin da kanta sun nuna ɓarnar ta fito ne daga baƙin da suka kutsa, da filayen da gwamnati ta yanka daga gandun ta raba, da lasisin sare katako da aka bayar ba lissafi. A 2001 kaɗai an cire fiye da hekta 60,000 daga gandun. Mai rataye amya yana buƙatar itacen a tsaye yana fure. Ba shi ne zai shigo da injin yankan katako ba.

Ƙa'idar da ta fito ita ce, gwamnati na iya taƙaita haƙƙin mallaka don amfanin jama'a, amma sai ta nuna larura, ta nuna ba wata hanya mai sauƙi, ta tuntuɓi mutanen tun kafin ta yanke shawara, ta kuma biya.

Idan aka ce diyya, kuɗi ake nufi?

Kuɗi na zuwa ne a baya. Sashe na 28 na Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Al'ummomin Asali, wadda aka amince da ita ranar 13 ga Satumban 2007, ya jera abin daki-daki: a mayar da ƙasar kanta, in hakan ba zai yiwu ba, a ba da wata ƙasa daidai da ita a kyau da faɗi da matsayi a doka, ko kuma kuɗi ko wani abin da mutanen suka yarda da shi. Ban da waɗannan akwai gyaran abin da ya lalace, kamar makaranta da asibiti da rijiya a wurin da aka tsugunar da su. Akwai amsa laifi da neman afuwa. Akwai kuma gyara doka don kada a sake.

Ba duka ake samu ba. Ogiek sun nemi gwamnati ta fito ta nemi afuwa, a kuma gina abin tunawa. Kotu ta ƙi duka biyun, ta ce hukuncin da kansa ya wadatar. Abin da ta bayar shi ne kuɗi, da shata iyaka da takardar mallaka ta bai ɗaya, da amincewa da su a doka a matsayin al'ummar asali, da wajabta tuntuɓarsu kafin kowane aiki a ƙasarsu.

Nawa aka ba su, kuma yaya ake lissafin?

Masu ƙara sun nemi kusan dala miliyan 300. Kotu ta ba da shilin Kenya 57,850,000 na asarar dukiya, da shilin 100,000,000 na raɗaɗi da tozarci. Jimlar ta kama kusan dala miliyan 1.3 a canjin wancan lokaci. In aka raba wa mutum 20,000, kowa bai kai shilin 8,000 ba.

Me ya jawo wannan tazara? Masu ƙarar sun dogara ne da wani bincike da aka yi a tsakanin wasu gidajen Ogiek, aka tambaye su abin da suka rasa, sannan aka ninka a kan yawan al'umma. Kotu ta ga wannan hanya ba ta isa ta tabbatar da adadin ba, musamman ga asarar da ta faro shekaru da dama baya, sai ta yanke abin da ta ga ya dace bisa adalci. Duk lokacin da alƙali ya koma ga "abin da ya dace", adadin kan faɗo ƙasa warwas.

Lissafin da ke tsayawa a gaban kotu yana da ɓangarori, kowanne da tasa hujja. Na farko darajar ƙasar a ranar da aka ƙwace ta. Na biyu abin da aka rushe ko aka ƙone: bukkoki, amya, dabbobi, amfanin gona, kowanne da suna da rana da mai shaida. Na uku abin da aka hana su samu tsawon shekaru, kamar zumar da ba a ɗiba ba. Na huɗu abin da wasu suka kwasa daga ƙasar, katako ko ma'adinai ko kuɗin 'yan yawon buɗe ido, wanda galibi rubuce yake a littattafan gwamnati, don haka ya fi sauƙin tabbatarwa. Na biyar ƙarin da ake ɗorawa saboda jinkiri, wanda in shekaru sun yi yawa yakan ninka uwar kuɗin.

Shari'ar Timber Creek ta Ostareliya ta nuna yadda ake jera su. A Maris na 2019 babbar kotun ƙasar ta yanke wa mutanen Ngaliwurru da Nungali diyyar fili kimanin hekta 127. Ta sa darajar haƙƙinsu na gargajiya a kan rabin farashin filin a kasuwa, wato dalar Ostareliya 320,250. Ƙarin jinkiri ya kama 910,100. Asarar al'ada da wuraren ibada kuwa miliyan 1.3, fiye da sauran biyun in an haɗa su. Kafin a kai ga wannan adadi sai da alƙalin farko ya je wurin da ƙafarsa, dattawa suka nuna masa wuraren da aka gina tankin ruwa da hanya a kansu, wasu bayanan ma aka saurare su a asirce saboda al'ada ta hana kowa ya ji.

Me ya sa wasu ke ƙin karɓar kuɗin bayan sun ci shari'a?

Domin a dokoki da yawa karɓar kuɗin tamkar sa hannu ne a takardar sayarwa. Misalin da aka fi sani shi ne na Sioux a Amurka. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta tabbatar musu da tsaunukan Black Hills. Aka gano zinare a 1874, gwamnati ta karɓe wurin a 1877. A 1980 Kotun Ƙoli ta ce an zalunce su, ta tabbatar da diyyar dala miliyan 17.1 da ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kowace shekara tun 1877, jimla sama da dala miliyan 100. Suka ce ba su sayar ba, ba za su karɓi kuɗin ciniki ba. Kuɗin na nan ajiye a asusun gwamnati, ya haura dala biliyan ɗaya, alhali yankunansu na cikin mafi talauci a ƙasar.

Kafin kowace al'umma ta sa hannu, a nemo jimlar da ke cewa wannan biya shi ne na ƙarshe kuma ya shafe duk wata da'awa. Idan tana ciki, a san cewa jikoki ma an rufe musu ƙofa.

Ba su da takardar fili. Da me suke kafa hujja?

Rashin takarda ba ya kashe da'awa. Tun 1921, a ƙarar da Amodu Tijani, Oluwa na Legas, ya kai kan filin Apapa, kotun ƙoli ta daular Birtaniya ta ce mallakar al'umma bisa al'ada mallaka ce ta gaske, sai an biya kafin a karɓa. Kotunan Kanada da Ostareliya sun dogara da wannan hukunci daga baya. A 1992 shari'ar Mabo ta rushe da'awar cewa Ostareliya ƙasa ce marar masu ita lokacin da Turawa suka sauka. A 1997, a shari'ar Delgamuukw, Kotun Ƙolin Kanada ta ce tarihin baka shaida ne da za a auna kamar takarda.

Amma sai an tattara shi da tsari. Aikin kan fara ne da zama da dattawa, maza daban mata daban, domin mata su suka san mashaya da wurin itacen magani da inda ake binne cibiya, maza kuma iyakar farauta ko kiwo. Ana naɗar muryarsu, a rubuta suna da shekaru da rana, a sa su rantsuwa a gaban mai ikon karɓar rantsuwa, domin shari'ar na iya wuce ransu. Daga nan a fita da na'urar GPS a bi wuraren da suka ambata ɗaya bayan ɗaya: kufai, makabarta, rijiya, dutsen iyaka, itacen da ake taruwa a gindinsa. Kowane wuri a ɗauki lambarsa da hotonsa da sunansa a harshen mutanen. Sunayen wurare shaida ne mai ƙarfi. In kogi da tudu duk da harshenku ake kiran su, har a bakin maƙwabta, da wuya a ce jiya kuka zo.

Sai ɗakin adana takardun tarihi. Rahoton jami'an mulkin mallaka, rajistar haraji da jangali, tsofaffin taswirori, hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, da jaridar gwamnati da ta ayyana wurin a matsayin gandu. Sau da yawa takardar da aka rubuta don korar mutane ita ce ke tabbatar da cewa suna wurin.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan ƙara biyu ne. Ɗaya faɗaɗa iyaka fiye da gaskiya, lauyan gwamnati ya kama ƙarya a wuri ɗaya ya shafa wa sauran. Ɗayan kuma zana taswira ba tare da maƙwabta ba. Inda iyakoki suka hau juna, a zauna a sasanta a rubuta kafin a je kotu. In ba haka ba gwamnati za ta ce ba ta san wa za ta ba ba, ta ci gaba da riƙewa.

To mutanen da ke zaune a ƙasar yanzu fa?

Nan ne wuyar aikin take. Wasu sun saya da kuɗinsu, wasu gwamnati ce ta tsugunar da su, wasu a nan aka haife su. A hukuncin 2022 kotu ta ce inda aka riga aka ba wasu haya ko lasisi a ƙasar Ogiek, a zauna da ɓangarorin a ga ko za su ci gaba da zama suna biyan haya ko kaso ga Ogiek. In ba a daidaita ba, gwamnati ta biya waɗancan ta mayar wa Ogiek ƙasar, ko ta biya Ogiek abin da aka yarda a kai. Nauyin yana kan gwamnati, ba a kan talakan da ya sayi kadada biyu ba.

Kowace ƙasa da yadda ta ɓullo wa abin. Niyu Zilan ba ta taɓa filin da ke hannun mutum mai zaman kansa. Daga filayen gwamnati ake mayarwa. Paraguwai kuwa sai da majalisa ta yi doka a 2014 ta karɓi hekta 14,404 daga hannun mai gonar shanu ta mayar wa al'ummar Sawhoyamaxa, shekara takwas bayan kotun nahiyar Amurka ta yanke hukunci, bayan sun shafe shekaru a bukkoki a bakin titi.

Ina ake kai ƙara, kuma ta ina ake farawa?

Daga gida. Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta shardanta a ƙure kotunan cikin gida tukuna, sai fa in an nuna cewa hanyar a toshe take ko an ja shari'ar fiye da ƙima. Saboda haka a adana kowace takardar ɗage zama da kowace wasiƙar da ba a amsa ba.

Daga nan sai Hukumar Banjul, wadda kowa zai iya rubuta mata, amma shawara take bayarwa. Kotun Arusha hukuncinta wajibi ne, sai dai mutum ko ƙungiya ba sa shiga kai tsaye sai in ƙasarsu ta sa hannu a wata sanarwa ta musamman. Ghana ta sa. Kenya da Najeriya ba su sa ba. Shi ya sa Ogiek suka bi ta Banjul, hukumar ce ta zama mai ƙara a madadinsu. A Afirka ta Yamma akwai hanya mafi kusa, Kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda ke karɓar ƙarar take haƙƙi kai tsaye ba tare da sharaɗin ƙure kotunan gida ba.

Da zarar an shigar da ƙara a nemi umarnin wucin gadi na dakatar da rabon filin. Ogiek sun samu irinsa a Maris na 2013. Idan ba a yi haka ba, kafin a yanke hukunci an sayar da abin da ake shari'a a kansa.

Shekara nawa ake ɗauka?

Ogiek: 2009 zuwa 2022. Endorois, wasu makiyaya na Kenya: an kore su a shekarun 1970, hukunci ya fito a 2010. Awas Tingni na Nikaragwa sun ci shari'a a 2001, takarda ta shiga hannunsu a ƙarshen 2008.

Kuɗin hannun wa yake shiga?

Kotu ta ce a zuba na Ogiek a asusun raya al'umma da za a kafa cikin wata 12, a yi amfani da shi a ilimi, lafiya, abinci da makamantansu, tare da kwamitin da wakilan Ogiek ke ciki. Hikimar ita ce ƙasar ta kowa ce, har da waɗanda ba a haifa ba, kuma kuɗin da aka raba hannu-hannu kan ƙare kafin kaka ta zagayo. Afirka ta Kudu ta ga wannan: cikin da'awa kusan 80,000 da aka shigar kafin ƙarshen 1998, yawancin waɗanda aka kammala da kuɗi aka sallame su, ƙasar ta zauna inda take.

Asusu ma yana da nasa ciwon. Abubuwan da ya kamata a rubuta tun kafin kuɗi ya sauka su ne: wane ne ɗan al'umma (ɗan da uwarsa kaɗai ce 'yar ƙabilar fa? wanda ya koma birni fa?), yadda ake zaɓen amintattu da wa'adinsu, mutum nawa ke sa hannu kafin a cire kuɗi, mai binciken kuɗi daga waje kowace shekara, karanta rahoto a bainar jama'a da harshen da suke ji, da kujerun mata da matasa. Rajistar 'yan al'umma a rufe ta kafin a sanar da adadin kuɗin. Bayan sanarwa, dangi kan yi yawa.

An ci shari'a. Me ya sa har yanzu ba a ga ƙasar ba?

Domin kotun ƙasa da ƙasa ba ta da ɗan sanda. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A Nuwamban 2023, bayan hukunci biyu, jami'an gandun daji sun rushe gidajen Ogiek a Sasimwani da ke gundumar Narok, ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni.

Labarin Endorois ya fi tsawo. Makiyaya ne kusan 60,000 a gefen tafkin Bogoria. A 1973 aka mayar da wurin gandun namun daji, aka yi wa iyalai 400 alƙawarin fili mai kyau, da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin yawon buɗe ido, da kashi 85 na guraben aiki. Sai a 1986 aka ba iyalai 170 shilin 3,150 kowanne. Hukumar Banjul ta ce a mayar musu da ƙasar, a biya su, a ba da rahoto cikin wata uku. Shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Fabrairun 2010. Gwamnati ta kafa kwamiti a 2014, wa'adinsa ya ƙare, ƙasar ba ta dawo ba.

Abubuwan da ke kashe hukunci sanannu ne. Ba a sa kuɗin a kasafi ba. Ba a ɗora aikin a kan ma'aikata guda da za a tuhuma ba. Doka ɗaya ta ce ƙasar al'umma ce, wata ta ce gandun gwamnati ne. A Kenya sashe na 63 na tsarin mulkin 2010 ya lissafa ƙasar gadon mafarauta cikin filayen al'umma, amma hukumar gandun daji na riƙe da nata dokar. Wani lokacin kuma abin da ba a yi tunaninsa ba ne: San na Botswana sun ci shari'ar komawa gandun Kalahari ta Tsakiya a 2006, aka hana su rijiyar burtsatse, sai da suka sake zuwa kotu suka ci a 2011. Yakye Axa na Paraguwai an saya musu fili a 2012, suka yi shekaru ba hanyar shiga. Don haka duk yarjejeniyar da ba ta ambaci ruwa da hanya da ranar miƙa takarda da sunan ofishin da zai yi ba, rabin aiki ce.

Akwai inda abin ya yi armashi?

Niyu Zilan ta fi kowa tsari, ko da yake ba ta fi kowa yawan biya ba. An kafa kotun Waitangi mai sauraron ƙorafin Maori, 'yan asalin ƙasar, a 1975, a 1985 aka ba ta ikon komawa har 1840. A 1995 ƙabilar Waikato-Tainui, wadda aka ƙwace wa kadada kusan miliyan 1.2 a shekarun 1860, ta karɓi fili da kuɗi na dalar ƙasar miliyan 170, Sarauniya Elizabeth ta sa hannu da kanta a dokar da ke ɗauke da neman afuwa. Ngai Tahu ma sun samu miliyan 170 a 1998. Kowa ya san adadin ɗan mitsitsi ne a kan abin da aka rasa. Abin koyi yana cikin sharuɗɗan: duk lokacin da gwamnati za ta sayar da filinta a yankin, su za a fara yi wa tayi, kuma da yake su suka fara sasantawa, an rubuta cewa in jimlar abin da aka biya dukkan ƙabilu ta wuce biliyan ɗaya, za a yi musu ciko don kasonsu ya tsaya a kashi 17 da kashi 16.1 cikin ɗari. Wannan sharaɗi ya kawo musu ƙarin kuɗi sau da dama. Sun kuma raba hukumar da ke juya dukiya da wadda ke rabon tallafi.

Har zuwa wace shekara ake komawa baya?

Siyasa ce ke yankewa. Afirka ta Kudu ta tsaya a 19 ga Yunin 1913, ranar dokar da ta ware wa baƙaƙe ɗan ƙaramin yanki na ƙasar, abin da ya bar yawancin Khoi da San a waje, don tasu ƙasar ta tafi tun kafin nan. Kotunan ƙasa da ƙasa kuwa suna kallon ƙwacen a matsayin laifi mai ci gaba muddin mutanen na waje, shi ya sa aka saurari Endorois duk da an kore su tun kafin Kenya ta shiga Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam.

Wannan ya shafi Najeriya?

Najeriya na cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar 2007 kan Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da Kenya, kuma ba ta shiga yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan al'ummomin asali ba. A Afirka Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ce kaɗai ta shiga. Amma Najeriya ta mayar da Yarjejeniyar Afirka dokar cikin gida, saboda haka sassan da Ogiek suka dogara da su ana iya kafa hujja da su a kotunan Najeriya.

Batun da ya fi kama da wannan shi ne na mazauna Abuja na asali: Gbagyi, Gwandara, Koro, Gade, Bassa da sauransu. Doka ta 6 ta 1976 ta mallaka wa gwamnatin tarayya murabba'in kilomita kusan 8,000. Shirin farko shi ne a kwashe kowa a tsugunar da shi a waje. Da aka ga tsadar, aka koma ga tayar da waɗanda ginin birni ya iso kansu kawai, aka kai wasu Sabon Wuse, wasu Kubwa, wasu Apo. Sauran suna zaune a ƙauyukan kakanninsu, filin kuwa a doka ba nasu ba ne.

A sauran jihohi, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ce ke aiki. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama don amfanin jama'a, sashe na 29 ya ce abin da ake biya shi ne gini da amfanin gona da sauran aikin da aka yi a kan filin, ba ƙasar kanta ba. Ma'ana makiyaya, burtali, dajin farauta da gonar da aka bari ta huta kusan ba su da farashi. Ranar ƙirga kaya ita ce ranar da ake ci ko a faɗi: mai gona ya kasance a wurin, a ƙirga kowace ɗorawa da kaɗanya da mangwaro a gabansa, a bambanta mai 'ya'ya da ƙarami, ya ɗauki hoto, ya karɓi kwafin takardar kafin ya dangwala. Sashe na 33 kuma ya ce wanda ya karɓi sabon matsuguni a madadin kuɗi an gama biyansa, kuma in sabon gidan ya fi tsohon daraja, rarar bashi ce a kansa da zai biya gwamnati.